Fijon Baba da daminar bana

Asabar, 8 ga Yuni, 2024

Yau na yaye tamfol ɗin da ke kan motar Baba, karo na farko tun da muka turo ta cikin gareji a watan Satumban bara. Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, daga masana'antar nan ta Kakuri da ta fara aiki a 1975. Baba, Allah ya jiƙansa, ya saye ta sabuwa a 1986, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda ya rabu da ita ba. Hajiya ma ta ce muddin tana raye ba za a sayar ba. Shawarar da muka yanke da Yaya ita ce a yi mata cikakken gyara idan ya zo gida a Disamba. Nawa aikin kafin nan guda ɗaya ne, in fitar da ita daga daminar nan ba tare da ta ƙara lalacewa ba.

Ina buɗe ƙofar direba warin rima ya buge ni. Fumfuna ta yi fari fat a kan sitiyari, ta bi bel ɗin kujera, ta kwanta a duk inda ɗinki ya bi. Gilashi ya yi gumi ta ciki. Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa, ta leƙa sau ɗaya, ta ce, "Kai dai ka yi abin da za ka iya," ta juya ta koma cikin gida. Na fahimci abin da ya sa ba ta tsaya ba.

Zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da na gani, saboda Yaya, da kuma duk wanda ke da motar da zai ajiye tsawon damina.

Laraba, 12 ga Yuni

Hutu ne, sai muka turo ta waje tun ƙarfe tara, muka buɗe ƙofofi huɗu da but, rana ta dake ta. Na sa takunkumi, domin ƙurar fumfuna ba abin shaƙa ba ce. Na fara da busasshen buroshi a waje, sannan na goge da tsumma da ruwan khal wanda na sirka da ruwa rabi da rabi. Tsumman a matse yake sosai, don kada in ƙara wa soson kujera ruwa.

Tamfol kuwa na naɗe shi, ba zai sake hawa kanta ba. Gefensa na ciki a jiƙe na same shi, ga yagewa daidai saitin gilashin gaba. Inda ya manne da bonet fenti ya yi dabbare-dabbare. Tamfol na roba yana hana ruwan sama sauka, amma haka nan yake hana tururin da ke tasowa daga ƙasa fita. Tsofaffin zannuwan gado guda biyu na auduga na shimfiɗa a madadinsa, sun isa tare ƙura.

Asabar, 22 ga Yuni

Bayan Sallah na ga fumfunar ta fara dawowa a bel. Kwana goma kacal. Wannan ya nuna mini goge-goge ba zai kai ni ko'ina ba, kuma hanci da tafin hannu ba za su gaya mini gaskiyar abin da ke faruwa ba. Na sayi ƙananan ma'aunan danshi guda uku, irin masu batir da ke nuna zafi da yawan laimar iska.

Kafin in amince da su sai da na gwada su. Ana cika murfin kwalba da gishirin girki, a ɗiga ruwa har ya jiƙe kamar yashin bakin rafi amma bai narke ba, a sa shi cikin robar da ke rufuwa ruf tare da ma'aunan, a bar su kwana guda. Iskar da ke kan jiƙaƙƙen gishiri tana tsayawa a kashi 75 cikin 100, ko da zafin ɗaki ya ɗan hau ko ya sauka. Da safe ɗaya ya nuna 74, ɗaya 76, na ukun 81. Na ukun na manna masa takarda na rubuta "a cire 6".

Ɗaya na ajiye a kujerar baya, ɗaya a kan kanta a gareji, ɗaya a baranda. Karatun safiyar yau: baranda 84, gareji 86, cikin mota 91. Lambar ƙarshen nan ita ta hana ni sukuni. Mota a rufe ta fi waje laima, ke nan akwai ruwa a cikinta da ban gani ba.

Abin da nake nema shi ne in sauko da cikin motar ƙasa da 60. Daga wajen 70 zuwa sama, idan ya daɗe a haka, fumfuna ke samun wurin zama. Tsatsa ma daga 60 zuwa sama take ƙara sauri.

Asabar, 29 ga Yuni

Duk wanda ya ji labari da shawararsa. Maƙwabcinmu ya ce gawayi, matata ta ce ɗanyar shinkafa a safa. Ban raina ba, na gwada da sikelin kicin. Gawayi kilo 2 a tire, shinkafa kilo 1, mako guda a cikin mota. Nauyin da suka ƙara duka biyun bai kai rabin kofin shayi na ruwa ba, ma'auni kuma bai motsa daga 90 ba. Gawayin dai ya rage wari, don haka na bar shi. Shinkafar na kwashe, tsoron ɓeraye.

Lahadi, 7 ga Yuli

Mun daɗe a waya da Yaya jiya da dare. Shi a arewacin Ingila yake, kuma yana da irin ƙaramin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, wanda suke kira karaban, suna fita da shi da iyali lokacin zafi. Daga Nuwamba zuwa Maris a ajiye yake, kuma ya ce danshi ne babban abin da ke kashe karaban a ƙasar. Bangonsa siririn katako ne da soso tsakanin fatu biyu, ruwa na shiga ta bakin taga ko ta inda aka haɗa rufi da bango, ya ruɓar da katakon ta ciki alhali waje na sheƙi. Duk shekara mai duba masa yana bin bango da wata na'ura mai auna ruwan da ke cikin katako. Ƙasa da kashi 15 lafiya lau, ya wuce 20 a fara neman inda ke yoyo, ya kai 30 ɓarna ta riga ta yi nisa.

Dokarsu a can ita ce iska. A buɗe duk akwatuna, a jingine katifu a tsaye, kada a toshe ramukan shan iska da aka yi wa karaban ɗin tun daga masana'anta saboda gas. Ya ce shi ya sa ma robobin shan danshi ba sa yi masa wani amfani, tun da iskar waje na shiga dare da rana, kamar mai kwarfar kogi da ludayi ne. "Ka sauke gilasai kaɗan, ka bar ta ta sha iska," in ji shi.

Na ce, "To Yaya, zan gwada." Na sauke kowane gilashi faɗin yatsa biyu.

Asabar, 13 ga Yuli

Ta sauko daga 91 zuwa 86, daidai da gareji, ta tsaya a nan. Ba za ta iya wuce haka ba, domin iskar da take sha ita kanta jiƙaƙƙiya ce. Ga kashin ɓera a kan dashbod. Na ɗage gilasai.

Shawarar Yaya daidai take a inda yake. Iskar sanyi ba ta iya ɗaukar ruwa da yawa. A digiri 5, ko ta cika maƙil, abin da ke cikin kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi bai wuce giram 7 ba. A digiri 30 kuwa tana ɗaukar giram 30. Tamu ta Yuli a Kaduna ga zafi ga laima, ta ninka tasu sau uku ko fiye wajen ruwa, kuma zafin nan shi fumfuna ke so.

Asabar, 20 ga Yuli

Yau na gano bakin zaren, kuma ba ni kaɗai ba. Tsohon makaniken Baba ne ya zo dubiya wurin Hajiya, na ja shi gareji. Shekararsa sama da talatin yana taɓa wannan motar. Bai ko kalli ma'aunina ba. Ya buɗe ƙofar gaba ta dama, ya durƙusa, ya ɗaga tabarmar roba, ya cusa hannu ƙarƙashin kafet, ya danna. Ruwa ya fito tsakanin yatsunsa.

"Ɗana, ga ciwon nan," ya ce. "Kana ta ba iska magani, mara lafiya na kwance a ƙasa."

Ƙarƙashin kafet akwai wani kauri mai kama da bargo, na zaren rama, wanda aka sa don tare zafi da ƙara. Yana shan ruwa kamar soso, kafet da roba kuma sun rufe shi ta sama, ba ta inda zai bushe. Ko hunturun da ya wuce bai kai gare shi ba.

Muka bi sawun ruwan. A gindin gilashin gaba, bayan bonet, akwai kwarin da ruwan sama ke taruwa ya zurare ta ramuka zuwa ƙasa. Wata biyun da motar ta yi ƙarƙashin darbejiya bara, lokacin zaman makoki da bayansa, ganye da ƙura sun cika ramukan sun zama laka. Idan kwarin ya cika, sai ruwa ya tsallaka ta hanyar da iska ke shiga cikin mota, ya sauka a ƙafar fasinja. Na ce wa makaniken, "Baba, amma ai a gareji take." Ya ɗaga kai ya nuna mini kwano. Ramin ƙusa ne, haske na shigowa ta ciki, daidai saitin inda tamfol ya yage. Duk ruwan da aka yi tun Afrilu yana ɗiga a wuri ɗaya.

Muka kwance kujerun gaba, muka fitar da kafet da bargon gaba ɗaya. Na ɗora bargon a sikeli, kilo 4 da giram 300. Ƙarfen ƙasa ya yi tsatsa faɗin tafin hannu biyu, wuri ɗaya sukundireba ta huda ta wuce. Na ji abin har cikin raina, domin a wannan gefen Hajiya ke zama.

Ya zura waya ya buɗe ramukan kwarin, sannan ya nuna mini wasu ƙanana a ƙasan kowace ƙofa waɗanda ban taɓa sanin da su ba. Ta baya ta hagu da ya tsokane ta sai da ruwa ya tsiyaye kusan kofi guda. Kafin magariba kafinta ya hau ya toshe ramin kwanon.

Asabar, 27 ga Yuli

Bargon ya yi mako a rataye a baranda, ana shigar da shi in hadari ya taso. Yanzu kilo 2 ne cif. Ruwa fiye da lita biyu ke nan yake kwance a ƙarƙashin ƙafa. Na zauna na yi lissafi: duk iskar da ke cikin motar, ko da tana kan kashi 90, ruwan da ke cikinta bai kai giram 80 ba. Wato abin da ke cikin bargon ya ninka na iskar kusan sau talatin. Da na sayi maganin shan danshi tun farko na zuba, da ya cika ya ƙoshi bargon bai ko ji ba.

Ba zan mayar da shi ba sai an yi walda. Na kankare tsatsar da buroshin ƙarfe, na shafa jan fenti na hana tsatsa don ya riƙe zuwa Disamba, ramin kuma na manne shi da tef.

Sai daɓen gareji. Na yanki leda faɗin kamu biyu, na manna ta a siminti da tef ta kowane gefe, na bar ta kwana biyu. Da na ɗaga, ƙarƙashinta ya yi duhu, ga ɗigon ruwa a jikin ledar. Naso ne ke tasowa, don lokacin da aka yi daɓen ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashi ba. Na sayo leda mai kauri irin ta magina, muka shimfiɗa ta bango zuwa bango, muka turo motar kanta. A waje kuma na ga indararo yana zuba a gindin bangon gareji. Na sa an ƙara masa bututu zuwa kwata.

Asabar, 3 ga Agusta

Yanzu da cikin ya zama ƙarfe tsirara ba abin da ke riƙe ruwa, lokacin rufewa ya yi. Na samo silika kilo 2, irin ƙwayoyin nan da ake samu cikin ƙaramar jaka a kwalin sabon takalmi. Na zaɓi mai ruwan lemo wadda ke komawa kore in ta ƙoshi. Akwai shuɗiya mai komawa ruwan hoda, amma sinadarin da ke ba ta launi ba shi da kyau ga lafiya, ga yara a gida. Na raba ta a tire huɗu marasa zurfi don iska ta same ta sosai, na rufe mashigar iska ta dashbod, na ɗage gilasai, na kulle.

Talata, 6 ga Agusta

An sa dokar hana fita a Kaduna tun jiya, muna gida. Na yi amfani da zaman na riƙa duba ma'aunai duk bayan awa biyu, ta gilashi, ba tare da na buɗe ƙofa ba.

Na gareji yana hawa da sauka. Da asuba 92, da azahar ya sauko 74, bayan isha'i ya sake hawa. Ruwan da ke cikin iskar kusan ɗaya ne duk yini, zafi ne ke canzawa. In iska ta yi sanyi sai ta kasa riƙe abin da ta ɗauka, ta sauke shi a kan duk abin da ya fi ta sanyi. Da na fito sallar asuba na haska kwano da tocila, cikinsa duk raɓa, tana ɗiga ɗaya-ɗaya a kan zanin gadon. Kwano ne ke fara hucewa da dare, shi ya sa. Garejin na buƙatar silin, amma wannan sai an samu sarari.

Na cikin mota kuwa ya sauko 58, kuma da ƙyar yake motsi tsakanin dare da rana. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya.

Asabar, 17 ga Agusta

Marka ta kankama, kwana huɗu ba mu ga rana ba. Ranar Laraba silikar ta koma kore, ma'auni ya hau 69. Na auna ta, ta ƙara giram 480. Na baza ta a tsohon faranti na ƙarfe wanda ba a abinci da shi, na sa a oben a digiri 120 na tsawon awa biyu da rabi, ina juyawa. Ta dawo launinta, nauyi ya koma daidai. Wuta ta fi haka tana ɓata launin. Ana fitowa da ita a juye a gwangwani mai murfi har ta huce, in ba haka ba tun a kicin za ta fara sha.

Wani abu ya faru da ya kamata in faɗa. Na sayi robobi biyu na ɗaya maganin, farin gishirin nan mai suna kalsiyam kulorayid, wanda ke narkewa ya taru a ƙasan robar. Ya fi silika ƙarfin sha nesa ba kusa ba. Na sa ɗaya a but. Da na zo ɗagawa hannuna ya goce, ruwan ya zube a kan ƙarfe. Ruwan gishiri ne mai kauri, yana cin ƙarfe, kuma ba ya bushewa don kullum janyo laima yake yi. Sai da na wanke wurin sau uku da ruwa mai yawa, na tsane, na bi da na'urar busar da gashi. Daga yau ba zai ƙara shiga motar ba. Na mayar da su cikin bokiti a kusurwar gareji.

Na yi tunanin injin tsotse danshi mai aiki da lantarki. Yana yi, amma sai a ɗakin da ke rufe ruf da wutar da ba ta yankewa. Garejinmu ƙofarsa ta ƙarfe ce mai rata sama da ƙasa, wutar unguwarmu kuma ba ta kwana.

Asabar, 31 ga Agusta

Ƙanena ya ce a riƙa tada injin minti biyar duk mako don kada ya kwanta. Na tambayi makanike, ya girgiza kai. Kowace litar fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda, a matsayin tururi. In inji da salansa ba su yi zafi sosai ba, tururin a ciki yake komawa ruwa, wani ya kwanta a salansa, wani ya gauraya da baƙin mai. Ko dai a fita da ita a yi tafiyar rabin awa, ko a bar ta ta huta. Tun da ba kujeru, hutun muka zaɓa.

Mun cire batir mun kai ɗaki. Mun sauke birkin hannu don kada ya manne, muka sa katako gaba da bayan taya. Makanike ya juye tsohon baƙin mai ya zuba sabo. Man birki ya ce a Disamba za a zubar da shi gaba ɗaya, domin irinsa na shan ruwa daga iska, ya sa tsatsa a cikin bututu, kuma ya yi saurin tafasa in birki ya yi zafi. Bakin salansa na cusa masa soson ƙarfe saboda ɓeraye, na ɗaura jan ƙyalle a sitiyari don kada a manta.

Asabar, 21 ga Satumba

Sau uku ke nan ina gasa silika. Na farko ta yi kwana 11 kafin ta ƙoshi, na biyu 12, yanzu tana kai 16. Soson kujerun baya da rufin ciki sun gama fitar da abin da suka sha. Ma'auni na yawo tsakanin 52 da 63. Ba fumfuna ko ɗigo. Ba na buɗe ƙofa sai da rana tsaka, kuma ba na wuce minti biyu.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke. Baranda 48 da azahar, cikin mota 55. Karo na farko tun Yuni da waje ya fi ciki bushewa, don haka yau na bi shawarar Yaya, na buɗe komai tun daga hantsi har la'asar.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari, ma'aunin baranda na nuna 21. Na kwashe silikar, na gasa ta, na rufe a gwangwani sai Mayu. Yanzu abin tsoro bushewa ce, ita ke tsaga dashbod da robobin ƙofa, robar da ta tsage kuma ita ce yoyon daminar baɗi. Na wanke su na shafa man silikon. Ta gilashin gaba ta riga ta taurare a kusurwa, na sa ta a jerin abin da za a nema a kasuwar Panteka.

Yaya ya kira ɗazu, ya ce ya kai karabansa wurin ajiya, ya tsiyaye tankin ruwa da bututu saboda ƙanƙara, mai dubawa ya sami kashi 22 a ƙarƙashin tagar gaba, za a sake mata danƙo kafin ya taso. Jirginsa 14 ga Disamba.

Hajiya ta shigo gareji da yamma. Na buɗe mata ƙofar baya ta zauna, ta shafa kujera, ta ɗan jima ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni yaushe za a mayar da ta gaba. Na ce in sha Allahu da zarar mai walda ya gama. Ranar Litinin zai zo ya auna faɗin ƙarfen da za a yanko.